FILIN AMSA WASIƘUN MASU SAURARO: Don Me Ake Mayar Da Ɗan Tseren Keke Baya Alhali Ya Riga Ya Isa?

  Yau jakar tamu ta fito mana da wasiƙu biyu da suka zo a kan magana ɗaya, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Wasiƙa ta farko daga wani mai gyaran kekuna ce a kasuwar Ɗanbatta ta Jihar Kano. Bayan gaisuwa, ya ce a wani gidan kallo aka nuna musu tseren keke na ƙasar Faransa na shekarar 2024, kuma da idonsa ya ga wani Bature ya zo na biyu, amma da aka fito da sakamako sai ga sunan mutumin a na 107. Ya ce sun yi ta musu a kai, har waɗansu na cewa coge aka yi domin a ɗaga wani ɗan Afirka da ke biye da shi. Yana so mu warware musu wannan gardama.

Ta biyu kuwa daga wani manomi ce a karkarar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Shi kuma cewa ya yi ya ji labarin irin wannan hukunci, to, mece ce asarar wanda aka yi wa shi, kuma ina zai kai kukansa in yana ganin an zalunce shi?

To, Malam mai gyaran keke, idonka bai yaudare ka ba. Abin da ka gani ya faru ne ranar 4 ga watan Yuli, 2024, a zango na shida na tseren da ake kira Tour de France, wato Zagayen Faransa, wanda aka kammala a garin Dijon. Dylan Groenewegen na ƙasar Holan shi ya fara taka layi. Jasper Philipsen na Beljiyam ya biyo shi, sa'an nan Biniam Girmay na ƙasar Iritiriya ya zo na uku. Da alƙalan tsere suka sake duba hoton, sai suka ga Philipsen ya bar layin da ya ɗauko, ya matse wani ɗan ƙasarsu mai suna Wout van Aert zuwa jikin shingen ƙarfe na bakin hanya, har dole ta sa shi ya sassauta gudu don kada ya faɗi. Sai suka mayar da Philipsen na 107, Girmay ya koma na biyu. Babu coge a ciki. Dokar da aka yi aiki da ita ta girmi dukansu, kuma ta sha hawa kan Turawa a ranakun da babu ɗan Afirka ko ɗaya a kusa.

Amma kafin a gane hukuncin sosai, sai an san yadda tseren kansa yake. Shi wannan tsere na Faransa an fara shi tun shekarar 1903. Ana yin sa cikin mako uku, a raba tafiyar zango 21, jimlar nisanta kuwa ta kan kai wajen kilomita 3,500. Mahaya kusan 180 ne ke tashi, a cikin ƙungiyoyi na mutum takwas-takwas. Galibin tafiyar a dunƙule ake yin ta kamar ayarin fatake, dalili kuwa iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda take cin ƙarfi. Wanda ya fake a bayan wani yana samun sauƙin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa a zangon da babu duwatsu za ka ga mutum ɗari da wani abu sun iso bakin gari a tare.

Su kuma masu tsere littafi biyu suke riƙewa, kamar ɗan kasuwar da ya ware littafin ciniki da na bashi. Na farko littafin lokaci ne. Duk waɗanda suka iso cikin ayari ɗaya, ba tare da wata tazara ta raba su ba, lokaci ɗaya ake rubuta musu, daga na farko har na ƙarshe. Wanda ya fi ƙarancin lokaci in an tara shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa. Na biyu littafin maki ne, wanda ke bin matsayin da mutum ya zo a kowace rana. A zangon shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na shekarar 2024, na ɗaya yana samun maki 50, na biyu 30, na uku 20, haka abin ke raguwa. Wanda ya fi maki shi ke sa koriyar riga, wadda aka fara bayarwa a 1953. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin a nan amsar take.

To, yaya ake ƙare irin wannan zango? In ya rage kamar mita 200 ko 300 a isa, sai gwanayen zabura su miƙe a kan feda su saki gudu iya ƙarfinsu, kamar dai dawakin sukuwa in sun hango turke. A wannan lokaci gudun keke kan kai kilomita 65 zuwa 70 a awa. Kafaɗa na gogar kafaɗa, taya na dab da taya, shingen ƙarfe dama da hagu, kuma ban da hular kwano babu abin da ke tsakanin fatar mutum da kwalta sai 'yar riga mai shara-shara. Mutum ɗaya ya goce taku ɗaya, ashirin na iya zubewa a bayansa.

Domin haka ne Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wadda ake kira UCI a taƙaice, mai hedkwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ta kafa doka. Abin da dokar ke nufi shi ne, da zarar mahayi ya zaɓi layinsa ya fara zaburar ƙarshe, an hana shi gocewa daga wannan layi ta yadda zai tare wani ko ya jefa shi cikin haɗari. A lura, ba gocewar kaɗai ake duba ba. In ka karkata alhali babu kowa a kusa da kai, babu wanda ka cuta. Laifin yana tabbata ne in gocewar taka ta toshe wa wani hanya. Haka kuma an hana bangaza da kafaɗa, da zungura da gwiwar hannu, da tunkuyi da ka, da jan rigar wani ko sirdin kekensa, da ɗauke hannu daga kan keke don a ture abokin tsere.

Hukuncin da aka fi yankewa a kan waɗannan laifuffuka shi ne wanda ka gani, wato a mayar da mutum ƙarshen ayarin da ya iso tare da shi. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba a mayar da shi na ƙarshe a dukan tseren, ba a kuma kore shi. Ana ƙirga waɗanda suka iso a dunƙule tare da shi, a ajiye shi a bayan na ƙarshensu. Wato ke nan girman faɗuwar ya danganta da girman ayarin. Philipsen ya koma na 107 ne domin ayarin ranar babba ne. Amma a shekarar 2020, a tseren yini ɗaya na Liège-Bastogne-Liège a Beljiyam, mutum biyar kacal suka iso tare. Julian Alaphilippe na Faransa ya goce ya tare Marc Hirschi na Suwizalan, sa'an nan ya ɗaga hannu yana murna tun bai taka layi ba, sai Primož Roglič na Sulobeniya ya sulale ta gefensa ya riga shi. Alƙalai kuma suka ɗauke shi daga na biyu suka mayar da shi na biyar. Laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya, amma wannan ya sauka matsayi uku, wancan ya sauka fiye da ɗari.

Yanzu sai mu zo ga tambayar ɗan'uwanmu na Maraɗi, wato mece ce asarar. A littafin lokaci, sau da yawa babu asarar kirki, tun da ayari ɗaya lokaci ɗaya ne. Amma masu zabura ba lokaci suke nema ba. Abincinsu shi ne cin zango da tara maki, kuma a nan hukuncin ke yi musu ciwo.

Da farko akwai kuɗi. A tseren Faransa na 2024, wanda ya ci zango yana karɓar Yuro 11,000, na biyu Yuro 5,500, kuma kyautar ba ta wuce na 20 ba. Na 107 hannu rabbana zai koma masauki. Daɗin daɗawa, al'adar ƙungiyoyin ita ce a tara kuɗin kyauta a raba tsakanin mahaya da ma'aikata, har da makanikan da ke kwana suna wanke kekuna da ɗaure su. Saboda haka, Malam na Ɗanbatta, in gwani ya yi ganganci, har abokan sana'arka na can sai sun ji a aljihunsu. Ban da wannan akwai tara, wadda ake yankewa da kuɗin Suwizalan.

Na biyu akwai maki, kuma wannan ya fi kuɗin zafi. Ga misali. A shekarar 2009, Mark Cavendish na Birtaniya ya ci zango shida a tseren Faransa, babu wanda ya kama ƙafarsa wajen gudu. Amma a zango na 14, a garin Besançon, waɗansu sun riga sun tsere wa ayari sun isa, ana neman matsayi na 13 ne kurum, sai alƙalai suka ce ya matse Thor Hushovd na ƙasar Nowe a jikin shinge, suka mayar da shi baya. Da aka isa birnin Faris, Hushovd na da maki 280, Cavendish na da 270. Maki goma suka raba shi da koriyar riga.

Haka ya faru da Peter Sagan na Sulobakiya, wanda ya ci koriyar riga har sau bakwai. A 2020, a zango na 11 a garin Poitiers, ya bangaji Van Aert da kafaɗa ya kutsa ya zo na biyu. Aka mayar da shi na 85, maki 30 na matsayin suka tafi, aka ƙara zaftare masa 13, aka kuma ci shi tarar kuɗin Suwizalan 500. Rigar ta takwas ba ta samu ba, Sam Bennett na ƙasar Ailan ya tafi da ita.

A tseren da ka kalla kuwa, lissafin a fili yake. Philipsen ya rasa maki 30 na matsayi na biyu, Girmay ya tashi daga 20 zuwa 30. A ƙarshen tsere Girmay na da 387, Philipsen na da 354, tazarar maki 33 ke nan. To, ka ga ranar Dijon ta yi nauyi ƙwarai. Amma kada wannan ya sa a rage wa Girmay komai. Zango uku ya ci da ƙarfin ƙafarsa a wannan shekara, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a tseren, kuma ɗan Afirka na farko da ya ci koriyar riga. Riƙe layi ma wani ɓangare ne na gwaninta, kamar yadda ɗan dambe ke sanin inda aka hana duka.

Wani lokaci ma nasarar ɗungurungum ake ƙwacewa. A 1997, a garin Marennes, Erik Zabel na Jamus ya fara taka layi, aka mayar da shi baya aka ba Jeroen Blijlevens na Holan, shi kuwa Zabel ya huce haushinsa washegari da ya ci zangon Bordeaux. A tseren Italiya na 2019, Elia Viviani ya yi murna ya gama a garin Orbetello, aka ce ya tare Matteo Moschetti, aka miƙa nasarar ga Fernando Gaviria na Kwalambiya, wanda ya hau dandamali fuska ba walwala, domin shi kansa bai so ya ci ta wannan hanya ba. A tseren Sifen na 2020 kuma Sam Bennett ɗin nan da ya amfana da hukuncin Sagan, shi ma aka karɓe masa zango na tara aka ba Pascal Ackermann, saboda ya bangaji wani kafin a fara zabura. Ka ga abin kamar rawar 'yan mata ne, a yi gaba a yi baya.

Sama da mayarwa baya akwai kora, in laifin ya yi muni. A ranar nan ta Marennes aka kori Tom Steels na Beljiyam daga tseren baki ɗaya saboda ya jefi wani da gorar ruwa ana tsakiyar gudu. A 2010 aka kori Mark Renshaw na Ostireliya saboda tunkuyin Julian Dean da ka.

Wanda ke ganin alƙalai sun cika tsanani, sai ya tuna abin da ya faru ranar 5 ga Agusta, 2020, a birnin Katowice na ƙasar Polan. Hanyar ƙarshe gangara ce, gudu ya kai wajen kilomita 80 a awa. Groenewegen, wato mutumin nan da ya ci zangon Dijon, ya goce ya matse ɗan ƙasarsu Fabio Jakobsen, shi kuwa ya afka cikin shinge da fuska. Ya yi asarar haƙora, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, likitoci suka sa shi dogon barci don su ceci ransa. Aka kori Groenewegen daga tseren, aka dakatar da shi wata tara. Jakobsen bai koma tsere ba sai watan Afrilu na 2021. A 2022 kuwa, da tseren Faransa ya tashi daga ƙasar Denmak, Jakobsen ya ci zango na biyu, Groenewegen ya ci na uku. Allah Ya kiyaye, amma saura ƙiris da an yi makoki. Rigakafi ya fi magani, shi ya sa ake hukunta gocewa ko da ba wanda ya faɗi.

Sai batun kai kuka. Masu yanke hukunci kwamitin alƙalai ne da ke bin tsere cikin motoci da babura, da shugabansu. Da an gama zango sukan zauna su duba hoton da aka ɗauka daga gaba da wanda jirgi mai saukar ungulu ya ɗauka daga sama, domin daga sama ne ake ganin wanda ya bar layinsa. Shugabannin ƙungiya na iya zuwa su yi bayani, kuma sukan je da zafinsu. Amma ƙa'idar ita ce, abin da alƙalai suka yanke a kan abin da ya faru a fagen tsere ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kamar dai hukuncin alƙalin wasan ƙwallo. Dalili kuwa, washegari da hantsi za a sake tashi, dole a san wanda zai sa wace riga.

Wannan ba ya nufin ba a jayayya da su. Ranar 4 ga Yuli, 2017, a garin Vittel, Cavendish ya nemi kutsawa tsakanin Sagan da shinge, ya faɗi ya karya allon kafaɗa. Da farko alƙalai suka mayar da Sagan baya suka ƙara masa daƙiƙa 30, daga baya suka sake shawara suka kore shi. Ƙungiyarsa ta garzaya kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne, kotun ta ƙi mayar da shi tsere. Sai a watan Disamba aka sasanta, hukumar UCI ta amince cewa hatsari ne ba da gangan ba. To, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, tsere ya wuce. Amfanin da aka samu shi ne, daga 2018 aka ƙara alƙali na musamman a manyan tsere, wanda aikinsa shi ne zama gaban talabijin yana duba hotuna ta kowace kusurwa.

Ƙorafin da mahaya suka fi yi shi ne hukuncin ba ya tafiya bai ɗaya, a hukunta wannan yau, gobe wani ya yi irin laifin a ƙyale shi. Waɗansu kuma na cewa in babu ɗan gogayya babu zabura, tun da mutum ashirin ne ke neman ƙofar da ba ta ɗaukar uku. Akwai gaskiya a maganganun biyu. Sai dai in za a yi kuskure, gara a yi shi wajen ƙwace maki, domin maki ana sake tarawa, wuya kuwa in ya karye ba a dasa wani.

Saboda masu maimaita laifi, hukumar ta gwada katin gargaɗi irin na ƙwallon ƙafa daga watan Agusta na 2024, aka fara aiki da shi sosai ranar 1 ga Janairu, 2025. Yadda aka tsara shi a lokacin, kati biyu a tsere ɗaya na jawo kora da dakatarwar kwana 7, kati uku cikin kwana 30 dakatarwar kwana 14, kati shida cikin shekara dakatarwar kwana 30. Wato mai gocewa zai iya shan mayarwa baya, da tara, da rage maki, da kati, duk a rana ɗaya.

Saboda haka, Malam na Ɗanbatta, ka gaya wa abokan musunka cewa isa da wuri kaɗai ba ya ba mutum matsayi, sai an duba ta yadda ya isa. Kai kuma ɗan'uwa na Maraɗi, asarar ita ce kuɗi da maki da suna, kuka kuma a gaban alƙalan ranar yake ƙarewa. Masu hawa keke zuwa kasuwa da buhu a kariya, ku ma wannan doka ta yi muku amfani: in kun ɗauki gefenku ku riƙe shi, ku waiwaya kafin ku karkata, ku tabbata birki na ci.

Da fatan kun gamsu. Duk mai tambaya ya rubuto mana, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za mu iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.